Hotunan Najiba Sun Ƙi Buɗewa a Parakou

Duk wanda ya yi aure ko suna a Bagudo cikin 'yan shekarun nan, da wuya ka tarar ba Maidawa ne ya ɗauke shi hoto ba. Shagonsa na bakin tasha, ɗaki ɗaya da baranda, da labule mai zanen furanni da ake tsayawa a gabansa, da kwamfuta a kan teburin da ya sha ruwan shayi har ya yi tabo. Ban da hoto, shi ake kawo wa duk abin da ya gagara na imel. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan kasuwar albasa masu hulɗa da mutanen Benin, kowa ya san idan saƙo ya ƙi tafiya ko takarda ta ƙi buɗewa, wurin Maidawa za a je.

Matarsa Najiba ma'aikaciyar lafiya ce, tana cikin masu bin ƙauyuka suna rigakafi da awon ciki. Wani lokaci a babur, wani lokaci a kwalekwale idan kogin Kwara ya cika. Mahaifiyarta daga Dandawan bakin iyaka take, don haka Najiba na jin Dandanci kamar Hausa. Aikinta na buƙatar ta riƙa ɗaukar hoton wuraren da ta je don rahoto, shi ya sa Maidawa ya zaɓo mata waya mai kyamara mai kyau, ya buɗe mata imel, ya nuna mata yadda ake tsayawa rana tana bayan mutum. Daga hoton aiki ta fara ɗaukar abin da ya ba ta sha'awa. Takan nuna masa idan ta dawo, shi kuwa ya duba da ido ɗaya yana cin tuwo, ya ce ba laifi.

Maƙwabcin shagonsa, Olatunji, mai sayar da kayan waya, yakan tsallaka Parakou ta ƙasar Benin sarin kaya. Shi ya dawo da labarin wata ƙungiya a can da ke shirya baje kolin hotuna a kan rayuwar mutanen bakin kogi, kuma suna neman masu hoto daga ɓangarorin iyaka biyu. Maidawa ya ɗauki abin da gaske. Ya tono tsofaffin ayyukansa, ya zaɓi masunta a kan ruwa da hantsi, da garken shanu na ninƙaya, da kasuwar Dole Kaina daga saman wata babbar mota. Ya gyara haske, ya gyara launi, ya tura. Najiba ta ce ko zai tura nata ma, tunda ba a hana kowa ba. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce ta kawo. Ya ɗauki guda uku daga wayarta ba tare da ya tsaya zaɓe ba, ya rage musu girma, ya tura ta imel ɗinta don kada ta ce ya hana ta.

Amsa ta zo musu rana ɗaya. Shi an gode masa, an yaba aikinsa, an ce a wannan karon ba a samu gurbi ba. Ita an ɗauke ta, kuma ana son ta turo wasu da yawa, a asalin girmansu, don za a buga su manya a rataye a bango.

Maidawa ya yi mata barka, har ya sayo tsire ya kai gida. Amma abin ya tsaya masa a ƙirji kamar ƙayar kifi. Olatunji, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya baza labarin a tasha tun kafin azahar. Masu shayi suka samu abin yi. Wani ya ce ashe mai hoton gaskiya na cikin gida, wannan na waje ɗan aike ne. Gidaɗo, direban da ke lodin Kaoje, ya ce shi daga yau idan zai ƙara aure amarya ce kawai za ta je gidan Maidawa, shi ya haƙura. Maidawa ya yi dariya tare da su, har ya ƙara nasa, ya koma shago ya zauna yana kallon kyamararsa a kan tebur.

Najiba ta zaɓi hotunanta da kanta, ta tura da kanta, don ta ga yana fama da aikin wani biki. Washegari wayarta ta yi ƙara suna karyawa. Bunyaminu ne, mutumin da ke kula da baje kolin, ɗan garin Kandi na Benin da ke zaune a Parakou. Da ya ji tana jin Dandanci sai suka bar kame-kamen Hausa da Faransanci suka koma can. Maidawa na tsintar kalma ɗaya a cikin goma. Abin da ya fi ji shi ne dariyarta, irin wadda take yi da 'yan uwan mahaifiyarta, wadda shi bai taɓa iya fito da ita daga bakinta ba. Da ta ajiye wayar ta ce masa hotunan ba su buɗe ba. Bunyaminu ya ce ba hoto ko ɗaya a cikin saƙon, sai wani rubutu shuɗi, idan ya danna sai a ce masa ba shi da izini.

"Baban Mairama, ka duba mini shi in ka samu sarari," ta ce, ta miƙa masa wayar. Ranar ba ta da fita ƙauye, ta ce ya tafi da wayar shago.

Bai kai ga zama a kujerarsa ba ya gane matsalar. Hotunan sun yi wa saƙo ɗaya nauyi, sai manhajar ta kwashe su ta ajiye a rumbun intanet, ta aika da linki kawai, linkin kuma a kulle yake, ba mai buɗewa sai mai shi. Ya duba hotunan kansu, ya ga akwai wata matsalar a bayan wannan. Wayar na ajiye hoto a wani sabon nau'i mai suna HEIC, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ganewa. Ko an buɗe linkin, da wuya su gani sai an juya su zuwa JPEG. Aiki ne da yakan yi wa mutane kafin shayinsu ya huce.

Yana cikin dubawa ya ga wani saƙon Bunyaminu da ya shigo da safe. Gaisuwa ce da Faransanci, sai wani babban akwati fari a ƙasa, babu komai a ciki sai 'yar alama a kusurwa. Shi da kansa ya saita wayar tun farko kada ta riƙa sauke hotunan cikin saƙo sai an ba ta izini, don kada data ta riƙa ƙarewa. Ya danna inda aka ce a nuna hotuna. Akwatin ya fara cika daga sama a hankali, yadda sabis ɗin Bagudo ya saba.

Fastar baje kolin ce. Hoton wata tsohuwa ne a ƙauyen Geza, tana tsaye a kan tukunyar turara shinkafa, tururi ya rufe rabin fuskarta, hannunta ɗaya riƙe da ludayi, ɗayan yana kare ido. Ba kyamara take kallo ba, wadda ke riƙe da kyamarar take kallo, irin kallon da ake yi wa ɗiyar gida. A ƙasa an rubuta sunan Najiba da manyan baƙaƙe, an rubuta Bagudo, Najeriya.

Ya daɗe yana kallo. Ya ga hoton ya ɗan karkace, ya ga hasken bayan ya ƙone. Ya kuma san cewa ko zai shekara yana yawo a Geza da kyamararsa ba zai samu wannan ba, domin ba wanda zai bar namiji baƙo ya shiga tsakar gidan, kuma ko an bar shi, tsohuwar za ta gyara ɗankwali ta tsaya ƙiƙam. Shi ne ya tura hoton da hannunsa bai ma lura da shi ba. Ya rufe saƙon, ya mayar da shi kamar ba a karanta ba, ya jefa wayar a aljihun tebur.

Da yamma ya mayar mata da wayar, ya ce mata sabis ne ba kyau, sai an sake gwadawa. Washegari ya ce aikin bikin ya sha masa kai. Bayan nan ya ce wataƙila matsalar daga kwamfutar mutanen Parakou ce, su ma su duba nasu mana, ba kullum a ɗora wa na Najeriya laifi ba. Bai taɓa cewa ba zai yi ba. A ransa ma bai yanke cewa ba zai yi ba. Kullum da safe yakan yi niyya, sai Bunyaminu ya kira, sai ya ji Dandancin nan da dariyar nan, sai niyyar ta bi iska. Har ya kai ga ya nemo hoton mutumin a shafin ƙungiyar. Saurayi ne dogo mai tabarau, da gyale a wuya irin na 'yan boko. Maidawa ya ƙara wa hoton girma yana neman aibi, bai samu wani abin kirki ba.

Ya fara tsegumi a kan abubuwan da bai taɓa damuwa da su ba. Ya ce miyar ta yi gishiri. Ya ce wayar aiki ce aka saya mata, ba ta hira da mutanen wata ƙasa ba. Ya tambaye ta me suke cewa haka da ba ya ƙarewa, ta ce maganar hotuna ce, da kuma wata goggonta da ke aure a Kandi wadda ashe Bunyaminu ya san gidansu. Ya ce to, madalla, dangi sun ƙaru.

Lokacin da aka ba ta ya fara ƙurewa. Bunyaminu ya ce masu buga hotunan na jira, idan ba su samu ba cikin makon sai a ba wani gurbin. Najiba ba ta sake yi wa mijinta magana ba. Da ta taso daga asibiti ta biya shagon Feyisara, wata Bayarabiya da ke buga takardu kusa da sakatariya, wadda suka saba tun lokacin da Najiba ta karɓi haihuwar ɗanta na biyu. Feyisara ta duba, ta buɗe linkin, suka kira Parakou. Bunyaminu ya ce yanzu ya shiga, ga sunayen hotunan yana gani, amma duk wanda ya danna sai kwamfutar ta ce ba ta san irinsa ba. Feyisara ta ce to bari a zuba su cikin jikin saƙon kai tsaye. Suka yi haka. Wasu suka isa a matsayin akwatuna fayau, waɗanda suka fito kuma sun ƙanƙance, ya ce idan aka buga su manya za su dushe kamar an shafa musu man shanu. Suka gwada ta WhatsApp, nan ma aka matse su.

Feyisara ta ajiye wayar ta ce iyakarta ke nan. Ta dubi Najiba da mamaki, ta ce ai ita duk irin wannan aikin wurin Maidawa take turawa, ko makon jiya ya yi wa wani malami irinsa yana tsaye. Tana gungura saƙonnin don ta ga ko akwai wani bayani, sai ta ci karo da farin akwatin nan, ta danna. Najiba ta ga fastar a karon farko a shagon Feyisara, da injin buga takarda na ƙara a gefe. Feyisara ta rungume ta. Ita kuwa murnar ta zo mata haɗe da wani abu mai ɗaci, don ta san mijinta ba ya barin saƙo bai buɗe ba.

Ba ta wuce gida ba, shagonsa ta nufa. Ba ta saba zuwa ba, har Olatunji ya leƙo yana gaishe ta da Hajiya mai hoto. Maidawa na yanke hotunan fasfo. Ta jira mai su ya karɓa ya fita, sannan ta zauna a bencin da kwastomomi ke zama, ta ajiye wayar a kan tebur, fastar na haske a fuskarta.

"Ka ga wanga?" ta ce.

Ya ce ya gani.

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da juya almakashi a hannu.

Ta ce ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ta je wurin Feyisara, kuma ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, a ce matar Maidawa na yawon neman wanda zai tura mata hoto. Ta ce ta yi magana da Gidaɗo, ya san direban da ke shiga Segbana a tsallaken iyaka, daga can akwai mai kai saƙo Parakou. Za ta ba da wayar gaba ɗaya a kai musu su kwashe da kansu.

"In ba ka son in shiga abin ga, ka hwaɗa mini da bakinka, in bari," ta ce. "Kai ne mijina. Amma kar ka bar ni ina kiran mutane ina ba su haƙuri, kai kuwa ka san mi ya hana."

Maidawa ya so ya ce sabis ne, ya ga maganar ba za ta fita ba. Ya so ya kawo zancen Bunyaminu, ya ga idan ya faɗa da baki abin zai zama ƙarami da ban kunya. Abin da ya fito shi ne, shekararsa nawa yana wannan sana'a, tun yana wanke fim a ɗaki mai duhu a Yauri, bai taɓa ganin sunansa a jikin komai ba sai allon shagonsa, wanda shi ya sa aka rubuta. Ya faɗa yana kallon bango. Najiba ba ta ce masa nasa sun fi kyau ba, ba ta kuma ce sa'a ce kawai ta yi ba. Ta ce ta sani. Hayaniyar tasha na shigowa ta ƙofa.

Can ya jawo igiyar da ake haɗa waya da kwamfuta. Ya ce ta matso da bencin.

Ya kwashe hotunan zuwa kwamfuta, ya juya su zuwa JPEG ba tare da ya rage musu ko kaɗan ba. Dole ya buɗe kowane ɗaya ya tabbatar ya juyu lafiya, don haka a karon farko ya kalli aikin matarsa a babban allo, ɗaya bayan ɗaya. Mata na bandar kifi a ƙauyen Kurgu, hayaƙi ya sa duk sun runtse ido suna dariya. Wata mai jego kwance a tabarma, hasken taga ya faɗo a kan tafin ƙafar jaririn. 'Yan mata na wanke tukwane a bakin ruwa, ɗaya ta juya baya don ba ta so a ɗauke ta. Najiba na faɗa masa sunan kowacce, da wadda ta yarda a nuna hotonta da wadda ta ce a'a. Na mai jegon ta ce a cire, mijinta bai amince ba, kuskure ne ya shiga cikin na farko. Ya cire, ko da yake a ganinsa ya fi duka.

A kan na tsohuwar Geza ya ce bari ya miƙar da shi, ya rage hasken bayan. Ta ce ya gwada. Ya gyara, suka ajiye biyun gefe da gefe. Ta duba ta ce a bar na farko, haka gidan yake, a gangare yake. Ransa ya sosu, ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya fasa, ya goge nasa.

Ya raba hotunan kashi-kashi yadda kowane saƙo zai ɗauka, ya maƙala su a matsayin fayil maimakon zuba su a jikin saƙo, ya sa lamba a kan kowane saƙo don kada su rikice. Ya fara tura ɗaya zuwa imel ɗinsa, ya buɗe a tsohuwar kwamfutar Olatunji don ya ga ko za ta karɓa. Ta karɓa. Sannan ya tura sauran, yana jiran kowane ya fita kafin ya saki na gaba, sabis na ɗaukewa yana dawowa. Ya kuma nuna mata inda za ta canza a wayar don nan gaba ta riƙa ajiye hoto a nau'in da kowa ke iya buɗewa. Ta ce ya bari ta danna da kanta don ta riƙe.

La'asar ta yi sanyi kafin Bunyaminu ya kira. Najiba ta sa a lasifika. Ya ce duk sun buɗe, yana ganin har zaren ɗankwalin tsohuwar. Ta ce masa da Hausa maigidanta ne ya gyara, ga shi nan kusa. Bunyaminu ya gaishe shi da wata Hausa mai karyayyen harshe, ya yi godiya, ya ce ya tuna hoton shanun nan masu ninƙaya, sun daɗe suna muhawara a kansa. Maidawa ya amsa a taƙaice. Bai san ko gaskiya mutumin ya faɗa ko ladabi ne ba, kuma abin ya dame shi har bayan sallar magariba.

Da lokacin baje kolin ya zo, tare suka tafi. Suka bar Mairama wurin kakarta, suka bi motar Gidaɗo zuwa bakin iyaka, daga Segbana suka hau wata zuwa Kandi, suka kwana gidan goggon Najiba, da safe suka wuce Parakou. Maidawa ya rataya kyamararsa tun daga gida.

Zauren ba wani babba ba ne, amma an yi masa farin fenti, hotunan kuma sun fi ƙofar shagonsa tsawo. Bunyaminu ya tarbe su da hannu biyu, ya yi ta gabatar da Najiba ga mutane, shi kuma a ce ga mijinta. Maidawa ya ji kalmar da Faransanci har ya haddace ta. Ya zagaya ya duba aikin sauran masu hoton, ya samu biyu da a ganinsa bai kamata su shiga gabansa ba, ya ajiye wannan a ransa don ya faɗa wa Olatunji. Najiba na can an kewaye ta, tana bayani da Dandanci. Sau biyu ta waiwayo tana nemansa da ido.

Wata mata mai manyan 'yan kunne ta taɓo shi a kafaɗa, ta miƙa masa wayarta, ta nuna kanta ta nuna Najiba. Ya karɓa. Ya ga inda suka tsaya fitila na bayansu, ya yi musu alama su matsa hagu, ya sa matar ta sauke jakarta, ya ce wa Najiba ta ɗago haɓa kaɗan. Ya ɗauka sau biyu. Matar ta duba, ta ɗaga masa babban yatsa, ta kira ƙawayenta su ma su kawo nasu wayoyin.